Me za mu kira hinjin kabad da ba a gani daga waje?

Salamu alaikum ƴan uwa kafintoci da masu sayar da kayan ƙarfe. Makon jiya wata Hajiya ta zo shagona a nan Maradi ranta a ɓace. Ƙofar kabad ɗin da na yi wa ɗiyarta na kayan ɗaki ta karkace, ba ta haɗuwa da ƴar uwarta. Ta ce, "Malam, abin nan na ciki ya karye." Na je na duba, ba abin da ya karye, sukuru ɗaya na juya ƙofar ta koma daidai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ni da ita ba mu da sunan abin, sai nuni da yatsa.

Wasu na cewa sharniya irin ta Faransanci, waɗanda suka koyi aiki a Katsina ko Kano su ce hinji. Na yarda da hinji, kowa ya san shi. Amma hinji ai har na ƙofar zaure, wannan kuwa daban yake. Ana fafe masa rami mai faɗin milimita 35 a cikin ƙofar, kansa ya shige ya zauna, hannunsa ya kama jikin kabad. Yawanci yana buɗewa digiri 110, kuma ana saita shi ta fuska uku: gefe, sama da ƙasa, gaba da baya. Kamfanin Blum na Ostiriya yana ƙera irinsa tun 1964.

Da na tambaya, wani abokin aiki ya kawo "ɓoyayyen hinji". Ban so shi ba. Mai saye in ya ji ɓoyayye, sai ya ɗauka wani aibi ake rufe masa. Wani ya ce "hinji mai kofi", saboda siffar kansa. Wannan ya fi, sai dai siffa kawai ya nuna.

Ni na tsaya a kan "hinjin gurbi". Dalilina, a abin da na gani da idona, ƙarfen ba kasafai yake ba da matsala ba, gurbin ne. A fafe shi a karkace, ko a ɗaure sukuru a katakon nan na garin itace da aka matse, hunturu ya zo katako ya bushe, yara su riƙa rataya a jikin ƙofa, sai ya yi sako-sako. Ko a yi wa doguwar ƙofa hinji biyu alhali uku take so, don a rage kuɗi. In na ce wa Hajiya "hinjin gurbi ne ya saki, saiti yake so", ta gane gyara ne na minti biyar, hankalinta ya kwanta.

Daga yau haka zan rubuta a takardar ciniki. Ƴan uwanmu na Tasawa da Damagaram, in kuna da sunan da ya riga wannan a bakin kafintocinku, ku faɗa mana mu ji.