Neman kalma: me za mu kira na'urar da ke tokare bayan 'yan kwana-kwana?

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa masu kishin harshe. Wata kalma ce ta tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo ta gabanku.

Labari ne na wasu ɗaliban injiniya da ke ƙera wata na'ura wadda ma'aikacin kashe gobara zai ɗaura a jikinsa, ta rage masa raunin baya. Na zauna zan ba da labarin da Hausa, komai ya tafi daidai, sai sunan na'urar ya gagara. Turawa suna ce mata exoskeleton. In muka bi sauti muka rubuta eksosikeletin, gaɓa shida ke nan, kuma wanda ya ji ta a rediyo ba zai san ko magani ba ce ko cuta.

Ba a raɗa wa abu suna sai an gan shi, don haka mu fara da aikinta.

Da an ce ɗan kwana-kwana ya ji rauni, ƙuna ce ke fara zuwa wa mutum a rai. Amma a Amurka, inda ƙungiyar NFPA mai aikin rigakafin gobara ke tattara alƙaluma duk shekara, ana samun raunuka kimanin 60,000 a shekara tsakanin ma'aikatan, kuma waɗanda suka fi yawa su ne targaɗe da ciwon tsoka. Dalilin a fili yake. Kayan jikinsa kaɗai, wato riga da wando masu kauri, takalmi, hular kwano da silindar iskar da yake goye da ita, sun haura kilo 20. Tiyo mai faɗin milimita 65 da tsawon mita 15, in ya cika, ruwan da ke cikinsa ya kusa lita 50, kilo 50 ke nan. Ga tsani, ga mutumin da ya suma za a sauko da shi daga bene ta matsattsen lungu. A can ma kiran ɗaukar majinyata ya fi kiran gobara yawa, to sunkuyo da ɗagawa ba sa ƙarewa.

A nan nake so mu ɗan dakata. Tsokar da ke miƙar da baya tana manne da ƙashin baya, tazararta daga tsakiyarsa kimanin santimita 5 ce. Kayan da mutum ya sunkuya ya ɗauka kuwa yakan yi nisan santimita 50 a gabansa. Ninki goma. Ashe don a riƙe kilo 20 a hannu, sai tsokar ta ja da ƙarfin da ya kai na kilo 200, ban da nauyin ƙirji da kai da su ma suka rinjaya gaba. Duk wannan jan yana sauka ne a kan faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan kwankwaso. Cibiyar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa iyaka: kilo 23 in komai na ɗagawar ya dace, kuma matsin da ke kan faifan kada ya wuce kimanin kilo 350. Wanda ke jan mutum cikin hayaƙi, a durƙushe, a karkace, wane dacewa ya samu?

Na'urar baya, irin wadda ba ta da batir, abu ne mai sauƙin fahimta. Akwai wani matashi, wato ɗan filo, da ke zama a ƙirji, biyu a gaban cinyoyi, sai sifirin a gefen ƙugu da ya haɗa su. Mutum ya sunkuya, ƙirjinsa ya danna matashin, sifirin ya matse. Ya tashi miƙewa, sifirin ya saki, ya turo ƙirjin sama yana dogare da cinya. Kayan na nan da nauyinsu, sai dai wani kaso na aikin ya bar kwankwaso ya koma ƙafafu.

To, ga sunayen da aka kawo mini da waɗanda na gwada da kaina.

Fassarar kai tsaye ita ce "ƙashin waje", don kalmar daga Girkanci take, ekso na nufin waje. Wannan na ajiye ta tun farko. Mutane da yawa suna rubutu a waya ba tare da ƙugiyar ƙ ba, kuma da ƙugiyar ta faɗi, kalmar ta koma wata magana daban da ba za a so a jingina wa kayan aikin masu ceton rai ba. "Ƙwarangwal na waje" ta tsira daga wannan, amma Bahaushe ba ya ambaton ƙwarangwal sai inda rai ya fita ko rama ta yi tsanani. Ba na jin akwai ma'aikacin da zai ce wa abokinsa miƙo mini ƙwarangwal ɗina.

Wani malamina ya ce "sulke". Malam, Allah ya ƙara ilimi, kalmar tana da kwarjini, kuma na so ta. Matsalata da ita ɗaya ce: sulke yana tare abin da ya taso daga waje ne, sara ko harbi. Ciwon da muke magana a kai daga ciki yake tasowa, tsokar mutum ce ke matse ƙashinsa. Wanda ya ji "sulken 'yan kwana-kwana" rigar da ke kare su daga wuta zai ɗauka, kuma da gaskiyarsa.

"Rigar tallafi" za a ɗauka rigar da aka raba kyauta ce.

"Rigar ƙarfe" da "ƙara-ƙarfi" kuwa suna da tarihi a bayansu, shi ya sa nake tsoronsu. Tsakanin 1965 da 1971 kamfanin General Electric ya ƙera wata mai suna Hardiman, da burin mutum ya ɗaga kilo 680 kamar wasa. Ita kanta nauyinta ya kai haka. Motsinta ya ƙi saituwa, har aka daina aikin ba a taɓa kunna ta gaba ɗaya da mutum a ciki ba. Wannan hoton na ƙaton ƙarfe mai mai da mutum sadauki shi ne har yau a kan mutane. Na yanzu da yawansu kilo kaɗan ne, wasu ma yadi da roba ne zalla, irin wanda masu bincike a Jami'ar Vanderbilt suka fito da shi. Suna yana koya wa mutum yadda zai yi amfani da abu. In aka ce wa matashin ma'aikaci ya sa "ƙara-ƙarfi", zai tunkari kayan da ya kamata mutum biyu su ɗauka, ya ji raunin da aka ƙera na'urar don ta hana.

Abin da na tsaya a kai shi ne "matokari".

Ba ƙirƙirarta na yi ba, tana nan tun da. Icen da ake kafa wa katangar da ta rinjaya, ko reshen da 'ya'ya suka yi wa yawa, shi ne matokari. Ginin kalmar ma irin na kayan aikinmu ne: buɗe ta ba da mabuɗi, girbe ta ba da magirbi, tokare ta ba da matokari, jam'i matokarai. Ku koma kan bayanin da na yi a sama. Matashi a ƙirji, matashi a cinya, abu a tsakani yana hana jiki rinjaya gaba. Tokarewa ce tsagwaronta. Kuma kalmar ba ta yi alkawarin abin da na'urar ba ta iyawa. Matokari ba ya mai da katanga dutse, faɗuwa yake hana ta.

Na gwada ta a kan sauran dangin na'urar, ta zauna. A 2018 kamfanin Ford ya raba wa ma'aikatansa masu aiki hannu sama a ƙarƙashin mota wata mai suna EksoVest: matokarin kafaɗa. A 2014 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta amince masu shanyewar ƙafafu saboda raunin laka su yi amfani da ReWalk a gida: matokarin ƙafa mai batir. Na ɗaliban nan kuwa matokarin baya. In ana son sunan da ya game duka, matokarin jiki.

Wata yayata ta ƙalubalance ni da magana mai nauyi. Ta ce matokari a kafe yake, wannan kuwa tare da mutum yake tafiya, kuma na yadi da roba ja yake yi, ba tokarewa ba. Yaya, kin yi gaskiya, musamman a kan na roba. Amsar da nake da ita ita ce kalma tana girma da abin da aka ɗora mata. Jirgi a ruwa muka san shi, ya hau dogo, ya tashi sama, bai canza suna ba. Waya zaren ƙarfe ce, yau ga ta a aljihu babu zare ko ɗaya. In matokari ya tashi daga gindin katanga ya hau bayan mutum, bai yi tafiyar da ta kai tasu ba.

Saura ɗaya ma'anar. Turawa da kalmar nan guda suke kiran taurin jikin kaguwa da kunama da fara, can ma aka aro ta. Mu babu abin da ya tilasta mu haɗa su. A darasin halittu a ce ɓawon jiki, yaro zai gane nan take, a bar wa na'ura matokari.

Ga jimlar da ta hana ni barci, yanzu ta fito: ɗalibai suna ƙera matokarin baya wanda ɗan kwana-kwana zai sa tare da silindar iskarsa, ya jure zafi, kada ya sarƙe shi in yana rarrafe, kuma ya iya cire shi da sauri in ta ɓaci. Masu aikin fassara a gidajen rediyo, ku karanta ta da ƙarfi ku gaya mini inda harshe ya yi tuntuɓe. In akwai ɗan kwana-kwana a cikinmu, naka hukuncin na fi jira, don a bakinka kalmar za ta zauna.