Zare bod alhali saba na kunne, ya abin yake?

Ɗan_koyo: Salam jama'a, don Allah ya ake ƙera bod (faifan kayan lantarki na cikin kwamfuta) ɗin da za a zare shi a mayar alhali saba (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) na aiki kuma ba abin da zai ƙone?

MaiSoda: Wa alaikassalam. Sirrin na cikin fil ɗin konekta, ba tsayinsu ɗaya ba. A CompactPCI, wani tsarin jona bod a kwamfuta, tsayin fil hawa 3 ne, dogayen na at (layin ƙasa) da wuta su ke fara taɓawa, sai na sigina, sai gajeren da ke shaida wa injin cewa bod ya zauna daram. Leƙa bakin USB ma, fil biyun gefe sun fi na tsakiya tsawo.

Tsohon_Injiniya: Haka ne amma fil kaɗai ba ya isa fa, kafasito (masu ajiye caji) ɗin sabon bod ba caji a cikinsu, kana sokawa za su zuƙi wuta lokaci guda boltej ya faɗi sauran bod ɗin su mutu su sake tashi, shi ya sa ake sa MOSFET (transista mai aikin makunni) da kwanturola mai sakin wutar a hankali, ga ƙaramin resista yana auna karan, wato yawan wutar da ke gudana, in ya wuce kima kwanturola ya datse.

Ɗan_koyo: To wajen cirewa fa oga?

MaiSoda: Buɗe sakatar da ke riƙe bod ɗin tukuna, manhaja ta sallami bod ɗin, shuɗiyar fitila ta kama sannan ka ja.