Sallar farko da goyo a baya: naku ya zauna ne, ko har ya fara rarrafe?

Maman Abba, Tudun Jukun

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Babbar Sallah saura kwana huɗu, ɗinkin yaro ya dawo daga wurin tela, amma ni gabana faɗuwa yake yi. Ɗan farina ne, sunan surukina ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. A ƙarshen Satumbar 2024 na haife shi. Ranar Ƙaramar Sallah, 30 ga Maris, yana da wata shida cif, muka je babban gida a Kwarbai. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da shi kusa da 'yar faccalata wadda ya girma da mako biyu. Ita ta zauna daram tana buga murfin kwano, shi kuwa da an sake shi sai ya kife gefe. Gwaggon maigidana ta ce, "Goyo ya yi wa yaron nan yawa, ki riƙa sauke shi." Na san ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma wallahi tuwon sallar nan bai wuce mini ba.

Yanzu ya shiga wata na tara. Yana zama da kansa, yana gwaranci tun asuba, amma babu rarrafe, babu haƙori ko ɗaya. Ita kuwa yarinyar an ce har tana kama gado tana miƙewa. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya mini yadda nasa ya kasance.

Uwar 'yan biyu, Samaru

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, ni a ɗaki ɗaya na ga bambancin nan. Ciki ɗaya, nono ɗaya, katifa ɗaya. Hassana ta yi rarrafe tana wata bakwai, ta taka tana wata goma sha ɗaya. Husaina ko sau ɗaya ba ta yi rarrafe ba. Jan gindi take yi, ƙafa ɗaya a naɗe, tana tafe tana share mana siminti da wando. Sallarsu ta biyu ma a haka ta yi ta, dangi suna ta ce mini a kai ta wurin mai gyaran ƙafa. Sai da ta cika wata goma sha huɗu, ina tankaɗe a tsakar gida, na ɗaga kai na gan ta tsaye tana tahowa wurina hannu biyu a sama. Rariyar ma ban san na sake ta ba. Yau suna aji biyu, kuma Husainar ce ba a kamawa a guje.

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari

Maman Abba, zan yi magana a matsayin uwa, sannan a matsayin mai aikin asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike a 2006 kan yara masu ƙoshin lafiya daga ƙasashe daban-daban. Zama ba tare da jingina ba yana zuwa tsakanin wajen wata 4 zuwa wata 9. Tafiya ba riƙo tana zuwa daga wajen wata 8 har kusan wata 18. Akwai kuma 'yan kaɗan da ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, suka wuce kai tsaye zuwa tsayuwa. Haƙori ma wani sai ya kusa shekara. To yaron da ke zama da kansa yana gwaranci a wata takwas, ni ban ga abin tashin hankali ba. Abin da zai sa in ce ki je a duba shi shi ne idan jikinsa ya saki laƙwas ko ya sandare, ko gefe ɗaya kawai yake amfani da shi, ko ya daina abin da ya riga ya iya.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro a Babbar Sallah bakin yaro ne, ba ƙafarsa ba. Nawa yana wata tara, muna gidanmu ana suya, ƙanena ya miƙa masa tsokar soyayyen nama wai ya tsotsa. Ina wanke kayan ciki na ji gidan ya yi tsit. Yaro ya gutsura da dasashi, ta tsaya masa a wuya, ko kuka ba ya iya yi. Na kifa shi a cinyata, kansa ya yi ƙasa, na buge shi da tafin hannu tsakanin kafaɗunsa, a na uku ta faɗo. Duk da aikina ne, sai da na zauna a ƙasa saboda rawar ƙafa. Nama yana da kyau ga yaron da ya wuce wata shida, yana ƙara jini, amma a dafa shi luguf a daka a zuba a faten dankali ko a tuwo mai laushi. Gyaɗa, cincin da alewa kuwa a nesanta su. Zuma kada a lasa masa sai ya cika shekara.

Kada kuma hidimar Sallah ta mantar da ke katinsa. A wata tara ake yin allurar ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau. In ya yi gudawa kada a ce haƙori ne a zauna, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da nono, a je asibiti.

Wani uba, Ƙofar Doka

Ku yi haƙuri na shigo cikin zancen mata, amma abin da ya same ni a Sallah ne. Gidanmu ba nisa da filin Idi, tun ina yaro ba na rasa kallon Hawan Sallah. 'Yata tana wata bakwai na saɓa ta a kafaɗa muka tsaya bakin hanya muna jiran tawagar Sarkin Zazzau. 'Yan bindiga suka saki wuta kusa da mu. Ni kaina sai da na zabura, yaran da ke gefe suka fashe da kuka, ita ko ƙiftawa ba ta yi ba, tana ta kallon jan rawanin dogarai. Har na yi alfahari a raina, na ce jaruma ce. Mahaifiyata ce da na ba ta labari ta yi shiru, sannan ta zagaya bayan yarinyar ta buga faranti da ludayi. Ba ta juyo ba.

Bayan Sallah muka je asibitin koyarwa a Shika, sashen kunne. Aka auna, aka ce jinta yana da rauni ƙwarai. Yau tana sanye da na'urar ƙara ji, tana magana, tana zuwa islamiyya. Da mun ci gaba da cewa yarinya ce mai haƙuri, da mun ɓata lokaci mai yawa. Shi ya sa ni ba na jin haushin tsofaffi in sun sa ido a kan yaro. Ba na kuma shawartar kowa ya kai jariri kusa da 'yan bindiga, ni ma kuskure na yi.

Hajiya Kaka, Limancin Kona

Jikata ce ke rubuta mini. 'Yata, ki yafe wa gwaggon nan. Mu shekara guda muke jiran ranar da za a tara mana su a tabarma ɗaya, to dole baki ya yi magana. Tara na haifa, bakwai na raye, shi ya sa in na ga yaro sai na lallatsa cinyarsa, na taɓa maɗigarsa. A zamaninmu cikin ƙwarya babba muke zaunar da su, a tokare da tsumma. Kuma gaskiya ta faɗa miki a abu ɗaya, yaro ba ya koyon rarrafe a baya. Ki shimfiɗa zani ki kifa shi, ki ajiye abin da yake so ɗan nesa kaɗan. Ki gaishe mini da maigidan nawa, ki ce ina jiran goron sallata.

Maman Auta, Wusasa

Mu namu Kirsimeti ne, amma zancen dangi duk ɗaya ne. Autana watan Janairu aka haife shi, Kirsimetinsa na farko ya same shi da wata goma sha ɗaya, cikin tsananin hunturu. Na shafe shi da man kaɗanya, na sa masa hula da safa, muka je sujada a cocin St. Bartholomew. Da muka dawo ana ta zuba shinkafa a kwanuka za a kai wa maƙwabta Musulmi, kamar yadda su ma suke aiko mana da nama. Yaro ya saki kujera ya bi yayarsa da ta ɗauki kwano, taku uku ya faɗi. Babansa yana waje yana gaisawa da baƙi, bai gani ba, kuma sai da aka yi kwana tara kafin ya sake takawa. Har yau abin yana yi wa babansa ciwo.

Amaryar bara, Gyallesu

Ni dai ki tafi da rigar auduga a jaka. Shadda mai sitaci na ɗinka wa tawa da Ƙaramar Sallah, ga zafin Zariya na ƙarshen Maris, kafin azahar wuyanta ya yi jawur da ƙuraje. A ɗauki hoto a cire. Kuma ki shirya wa ƙiwa, a wannan watannin suke fara ta. Tawa ko kakanta ba ta yarda da shi ba.

Maman Abba, Tudun Jukun

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na gode ƙwarai, na karanta wa maigidana duk abin da kuka rubuta. Tun daren nan ya tsaya bayan Abba ya kaɗa makullai, yaro ya juyo da sauri, muka yi hamdala.

Mun je Kwarbai ranar Juma'a bayan an sauko Idi. Ƙiwa kam ya yi ta, duk wanda ya miƙo hannu sai ya cusa kai a hijabina. Kakansa kawai ya yarda da shi, ya zauna a cinyarsa yana jan carbi har aka gama fiɗa. Mutum uku suka tambaye ni rarrafe, na ce yana hanya. Da yamma na kifa shi a tabarma kamar yadda Hajiya Kaka ta ce, igiyar ragon tana yashe a gabansa. Ya ɗaga ƙirji, ya yunƙura, sai ya tafi da baya, ya fusata ya sa kuka. Gwaggo ce ta ɗauke shi tana rarrashi. Da za mu tafi ta shiga ɗaki ta fito da keken katako mai ƙafa uku, wanda babansa ya koyi tafiya da shi, ta ce in ajiye masa. Na jingine shi a bayan ƙofa. Naman da aka ba shi dakakke ne, a faten dankali, ya ci cokali huɗu. Allurarsa ta wata tara kuma ƙarshen watan nan ce, na riga na sa katin a jaka.