Don Allah ku ba ni shawara: in je taron Phi Theta Kappa ko in riƙe kuɗina?

Ɗiyar Zango: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan barcina rabi da rabi. Ina shekarar ƙarshe a wata kwalejin shekara biyu a nan Amurka, a wajen ƙanwar mahaifiyata nake zaune. Ɗaki ɗaya muke kwana da 'ya'yanta biyu, ni ke kai su makaranta da safe kafin in hau bas biyu zuwa tawa, girkin dare ma nawa ne don ita aikin dare take yi a gidan kula da tsofaffi. Ba ƙorafi nake ba, wallahi ta yi mini abin da uwa kaɗai ke yi.

Bara aka gayyace ni shiga Phi Theta Kappa, ƙungiyar ɗaliban da suka yi fice a irin kwalejojinmu. Na biya kuɗin shiga, aka yi bikin karɓarmu, kowa ya kunna kyandir ya sa hannu a littafi, ga farin fure a kan tebur. Na tura bidiyon gida ina ta murna. Washegari Baba ya kira, ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce wace irin ƙungiya ce ta kyandir da rantsuwa, ga wasu haruffa ba boko ba Larabci. Har yau bai sauko ba.

Yanzu ga babban taronsu na shekara, Catalyst, farkon Afrilu a Orlando. Reshenmu zai ɗauki nauyin mutum huɗu, ni ce ta biyar. In zan je daga aljihuna ne, na lissafa rajista da jirgi da rabin kuɗin ɗaki ya kama dala 850. Duk abin da na tara dala 1,100 ne, kuma da shi zan nemi gurbi a jami'o'i. Ga shi ya faɗo goman ƙarshe na azumi. Ya zan yi?

Kawu na Bronx: Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki je. Shekara 22 ina ƙasar nan, na san abin da nake faɗa. Ƙungiyar dai ta gaskiya ce, ki gaya wa mahaifinki ya kwantar da hankali: tun 1918 aka kafa ta a jihar Misuri, hedkwatarta na Jackson a Misisipi, haruffan na Girkanci ne, kuma galibi sai mai maki 3.5 cikin 4 ake gayyata. Ba irin ta jami'o'in gida ba ce da ake shiga daji da dare. Amma a wajen taro ba a raba kuɗi, tafi ake wa waɗanda suka riga suka ci. Kuɗin yana cikin takardar da ake cikewa tun kaka. Akwai tallafin karatu na Hites, dala 7,500. Akwai All-USA, mutum 20 kacal a faɗin ƙasar, dala 5,000 kowanne, shi kuma sai kwalejinki ta miƙa sunanki. Kin cike?

Ɗiyar Zango: Kawu ban cike ba. Na fara, sai aka rufe.

Kawu na Bronx: To kin gani. An yi rabon nama kina barci, yanzu kina neman kuɗin mota ki je kallon fata.

Uwar Biyu: Haba Alhaji, a bi yarinya a hankali mana. Ƙanwata ni na ce ki je. Babban ɗana ya je nasu, akwai wani zaure da jami'o'i ke jera tebura suna neman ɗalibai. A nan ya haɗu da wata mata daga jami'ar da ya gama, ta ba shi katinta, ta yafe masa kuɗin cike fom, daga baya ita ta nuna masa ragin kuɗin makaranta da suke wa 'yan ƙungiyar. Ido da ido ya fi imel sau goma. Ni na sayar da awarwarona na biya masa jirgin nan. Yau yana aiki a wata jiha, sai in kira sau uku kafin ya ɗaga, wai yana mitin. Allah dai ya shirya mana.

Ɗan Damagaram: Ni duk wata ƙungiya mai haruffa uku na yafe ta. Wata ta aiko mini wasiƙa mai tambarin zinare, wai an zaɓe ni. Na tura dala 95. Satifiket ɗaya suka aiko da sitika ta manna wa mota, ni da ko keke ba ni da shi. Ashe duk ajinmu aka aika wa, har wanda ya faɗi lissafi sau biyu.

Kawu na Bronx: Malam ba ita ake magana ba. Wannan tana da reshe a cikin kwaleji da malamin da ke kula da shi, taka akwatin gidan waya ce kawai. 'Yata ki saurare ni. Ragin da Hajiya ke faɗa yana nan a PTK Connect, shafin ƙungiyar na intanet, ki shiga daga kan gadonki kyauta, ki ga jami'o'in da ke ba 'yan ƙungiya. Babbar riba kuma tallafin karatu na Jack Kent Cooke ce, har dala 55,000 a shekara. Ba ta ƙungiyar ba ce, gidauniya ce daban, ita kuma a Janairu ake rufewa. Kada ki ce mini ita ma ta wuce ki.

Malama Mai Lissafi: Kafin kowa ya yanke hukunci, ba ki faɗa mana abu biyu ba. Wace takarda ce ke hannunki, bizar ɗalibi ko katin zama? In F-1 ce, wato bizar ɗalibi, ba ki da tallafin gwamnatin tarayya, aiki sai a cikin makaranta awa 20 a mako, kuma sabuwar jami'a ba za ta ba ki I-20 ba, wato takardar da ke ba ki damar ci gaba da karatu da bizarki, sai kin nuna kuɗin shekara guda. Wasu jami'o'in ma ragin nasu bai shafi baƙi ba, sai kin tambayi kowacce. Na biyu, makinki nawa yanzu? Kuma kin tambayi ofishin harkokin ɗalibai ko suna da asusun tafiye-tafiye?

Ɗiyar Zango: Malama F-1 ce. Amma don Allah ku fahimce ni, ba sakaci na yi ba. Watan Nuwamba ƙaramar 'yar Anti ta kwanta asibiti, ni na yi jinya, da wane lokaci zan zauna rubuta tarihin aikin sa kai? Kuma ni na fi kowa wahala a aikin bincikenmu na Honors in Action, ni na tattara bayanan, ni na rubuta rabin rahoton. In aka kira sunan reshenmu a dandamali, waɗanda ba su zo ko taro uku ba su hau su karɓa ina gida ina yanka albasa? Ba don shaƙatawa nake so ba.

Malama Mai Lissafi: Ba ki faɗi makin ba har yanzu.

Baban Sadiku: Ni abin da ban ji kowa ya taɓo ba, budurwa ta kama hanya ita kaɗai a goman ƙarshe, mahaifinta bai yarda ba. Ina albarkar?

Uwar Biyu: Da ta hau jirgi daga gida zuwa Amurka kai ka rako ta? Matafiyi ma an yi masa rangwamen azumi.

Kawu na Bronx: Ku bar wannan. Lissafi ne kawai: 1,100 a cire 850, saura 250. Jami'a nawa za ki nema da shi, ga kuɗin tura sakamako? Ki ba ni lambar mahaifinki ta akwatin saƙo in yi masa bayanin kyandir ɗin, amma zancen Orlando ki ajiye.

Ɗiyar Zango: Na gode Kawu, na gode kowa. Gaskiya jiya da dare na riga na sayi tikitin, don farashin yana ta hawa. Suna ba da awa 24 a soke a dawo da kuɗi, saura awa tara. Anti ba ta sani ba tukuna. Malama, ofishin da kika ce, a wane ɓangare yake zama?

Ɗan Damagaram: Wai tsaya, ita wannan ɗin sau ɗaya ake biya ko duk shekara? Ƙanena ma an aiko masa.