Muhawara: Albashi Kaɗai Ne Ke Riƙe Malami a Aji?

Ɗan Ƙungiyar Malamai: Assalamu alaikum. Ga magana zan ajiye, wanda ya ga gyara ya gyara. Duk abin da ake kira karrama malami romon baka ne in babu kuɗi a ciki. Tun 1994 ake bikin Ranar Malamai ta Duniya kowace 5 ga Oktoba, a yi jawabi, a raba takardun yabo, a watse. Amma rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, kuma masu ajiye aikin firamare a shekara sun tashi daga kashi 4.6 cikin ɗari a 2015 zuwa kashi 9 a 2022. Yabo bai tsayar da kowa ba. A ninka albashi a ga ko wani zai motsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mai Horar da Malamai: Wa alaikumus salam. Malam, ai an ninka ɗin an gani. Indunusiya ta yi dokar malamai a 2005, duk wanda ya samu shaidar ƙwarewa ana ƙara masa alawus daidai da albashinsa na asali. Masu bincike suka bi makarantu 360, aka yi ƙuri'a, malaman wasu makarantu aka gaggauta musu shaidar, sauran suka jira layi. Bayan shekara biyu zuwa uku, waɗanda suka samu sun fi gamsuwa da abin da suke ɗauka, sun rage neman aikin gefe, kukan matsin kuɗi ya ragu. Sakamakon yara a jarrabawa kuwa ko gezau.

Ɗan Ƙungiya: Malama, hujjata kika ƙarfafa. Ban ce kuɗi na ƙara wa yaro maki a zango ɗaya ba, cewa na yi yana zaunar da malami. Kuma waɗanda ke cikin aikin aka auna. Babban amfanin albashi mai kyau shi ne wanda zai zaɓi koyarwa nan gaba, ɗalibi mai ƙwazo da ke auna ta da aikin injiniya ko akanta. Wannan ba ya bayyana a shekara uku.

Mai Horar da Malamai: Wannan na ba ka. Kalmar "kaɗai" ce ban yarda da ita ba.

Tsohon Firinsifal: Ku dakata mu yi lissafi, don a nan gizo ke saƙa. Mu ɗauki malami mai aji shida, kowane aji yara 45, firiyod 30 a mako, kowace minti 40. Tsayuwa gaban allo ke nan awa 20. Ya ba da aikin rubutu sau ɗaya tak a mako, littattafai 270. Minti uku a kowane littafi, wanda ba ya isa a karanta insha'i balle a rubuta gyara, ya zama minti 810, wato awa 13 da rabi. Darussa daban-daban guda goma, rabin awa na shirya kowanne, awa biyar. Mun kai awa 38 da rabi, ba a kira rajista ba, ba a yi taron malamai ba, ba a yi duti ba, ba a cike katin sakamako ba, ba a shiga ajin abokin aikin da ya kwanta rashin lafiya ba.

To me malamin zai yi? Ba zai ƙirƙiro awa ba. Zai daina ba da aikin da sai an karanta, ya koma tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu. Zai cika allo da rubutu yara su kwafa, shi kuma ya samu damar duba tarin da ke kan tebur. Ya san abin da yake yi ba koyarwa ba ce, kuma sanin nan ne ke cin sa. Ka ninka masa albashi, littattafan nan 270 suna nan ranar Litinin.

Malamar Kimiyya: Baba ya taɓa inda ke ciwo. Binciken TALIS kan yanayin aikin malamai, na ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta OECD, a 2018 ya tambayi malaman ƙananan sakandare a ƙasashe da yankuna 48. A matsakaicin ƙasashen OECD, kashi 90 cikin ɗari sun ce sun gamsu da aikinsu, amma kashi 39 ne kawai suka gamsu da albashi, kashi 26 ne kawai ke ganin al'umma na daraja sana'ar. Ashe mutum na iya son aji, ya raina albashi, ya kuma ji an raina shi, duk a lokaci guda. Abu uku ne, kowanne da maganinsa. Kusan rabinsu kuma sun ce yawan aikin takardu na sa su cikin matsi.

Sufeto: Hajiya, a yi wa takardu adalci. Rajista ce ke nuna yaron da ya fara ɓacewa kafin ya ɓace gaba ɗaya. Littafin aikin mako ne ke gaya wa sabon malami inda na baya ya tsaya. In an cire waɗannan, da me za a gane malamin da ya shekara a babi na biyu?

Malamar Kimiyya: Ranka ya daɗe, ba wanda ya ce a ƙona rajista. Matsalar rubuta abu ɗaya a wuri uku ce: maki a littafin malami, a babbar takardar aji, a katin yaro, sannan a sake shigar da shi kwamfuta. Kowane kwafi ƙofar kuskure ne. Ga kuma shirin darasi mai shafi biyu da ake sake kwafewa da hannu duk shekara don kawai a sa masa hannu. Malami zai gane cewa kyan littafin ake dubawa, ba abin da ya faru a aji ba, sai ya ba littafin ƙarfinsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Sufeto: To ki kawo madadi, kada a tsaya a ƙorafi.

Malamar Kimiyya: Malaman fanni ɗaya su raba manhaja a farkon zango, kowa ya shirya kasonsa da kyau, a ajiye a wuri ɗaya, mai amfani ya ƙara layi biyu na abin da ya canja. Maki a shigar sau ɗaya. Aikin mako kuma, a ɗauki littattafai goma daga kowane aji, masu ƙarfi da matsakaita da masu rauni, a fitar da kurakurai uku da suka fi yawa, a gyara su a allo cikin minti goma, a juya waɗanda ake ɗauka. Cikakken duba ya zama sau biyu ko uku a zango. Inda yake lalacewa shi ne in ba a sanar da iyaye ba, za su ga littafi babu jan biro su ce malami ba ya aiki.

Ɗan Ƙungiya: Duk dabarun jure wahala ne. Ku rage yawan yara a aji kawai. Gwajin STAR na jihar Tenesi a Amurka daga 1985 ya kwatanta aji mai yara 13 zuwa 17 da mai 22 zuwa 25, ƙananan azuzuwan suka fi.

Tsohon Firinsifal: Haka ne, amma a kan yara ƙanana aka yi shi, daga ajin share fage zuwa aji uku. Kuma duba kuɗin. Makaranta mai yara 600, kowane aji yara 50, azuzuwa 12 ke nan. Ka mayar da su 30, sun zama 20. Ɗaki takwas da malaman da za su cike su, kuma daga aljihun da kake son a ninka albashi za a ɗebo. Ba za ka samu biyun a kasafi ɗaya ba, Malam, sai ka zaɓa. Abin da ya fi araha shi ne lokacin da doka ta kare. A Ingila tun 2005 malami na da haƙƙin kashi 10 cikin ɗari na lokacin koyarwarsa don shiri da duba aiki, a guntaye da ba su gaza rabin awa ba, kuma ba a tura shi cike gurbin wani a lokacin. Sharaɗin ƙarshen nan shi ne ƙashin bayan abin. Firiyod ɗin hutu da za a iya ƙwacewa da safe ba a shirya komai a kanta.

Mai Horar da Malamai: Mu dawo kan karramawa, don an yi mata gaggawar jana'iza. Ranar 5 ga Oktoba ɗin ta samo asali ne daga Shawarar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (ILO) da UNESCO ta 1966 kan matsayin malamai. Ba ta tsaya a yabo ba. Ta ce a auna albashin malami da na sana'o'i masu buƙatar irin karatunsa, a yi la'akari da yawan yara da lokacin shiri wajen tsara awoyinsa, a sa ƙungiyoyin malamai cikin tsara manufofin ilimi, a bar masa hannu wajen zaɓar hanyar koyarwa. Wannan ita ce karramawa. Lambar yabo ta mutum ɗaya, ko da ta dala miliyan ɗaya ce irin wadda Peter Tabichi na Kenya ya ci a 2019, ba ta canja jadawalin kowa. A cikin makaranta ma takan jawo gaba in ba a san ma'aunin zaɓen ba, ko kuwa makin jarrabawa kaɗai aka bi, don wanda aka ba ajin haziƙai shi zai riƙa lashewa, kowa ya guji ajin masu rauni.

Sufeto: Karramawa ta haɗa da yadda shugaban makaranta ke yi in uba ya shigo da fushi. Ya ji ɓangare biyu a ofis, in akwai gyara ya yi wa malami su biyu. Ya tsawatar masa gaban aji sau ɗaya, ya gama da shi a idon yaran har ƙarshen shekara.

Ɗan Ƙungiya: Na janye "kaɗai", amma har yanzu albashi ne farko. Kuma ku ƙara da biya a kan kari. Ƙaramin albashi mai zuwa ranar da aka sani ana tsara rayuwa a kansa. Wanda ke makara shi ke tura malami cin bashi da neman aiki na biyu, haka ƙarin girman da ke zuwa a takarda babu kuɗinsa.

Tsohon Firinsifal: Saura sababbin malamai, waɗanda suka fi saurin tafiya. Wajen raba jadawali tsofaffi kan zaɓi azuzuwa masu sauƙi, a bar wa sabo ajin da kowa ya gudu, da fannoni uku da bai taɓa shiryawa ba. Ingila tun 2021 tana rage wa sabo kashi 10 na jadawali a shekarar farko, kashi 5 a ta biyu, tare da mai yi masa jagora. Sai dai in jagoran ba a rage masa nasa ba, ba za su taɓa samun firiyod ɗaya da dukansu ke sarari ba. A fara sa wannan firiyod ɗin a jadawali kafin a cike sauran gurabe.

Ɗan Ƙungiya: Wa zai ɗauki darussan da aka rage wa su biyun, Baba? Sai an ɗauki wani malami. Mun dawo kan kuɗi.