Wace kalma za mu ba "mentor" a Hausa?

Malamai da 'yan'uwa ɗalibai, ina neman mu tsayar da kalma guda ga wanda Turawa ke kira "mentor", wato gogaggen da ke rainon na ƙasa da shi a fagen aiki ko karatu, domin a shawarwarin da manyan masana kimiyyar kwamfuta ke bai wa ɗaliban digiri na biyu da na uku akan haɗe shi da mai duba aiki, alhali kowa da nasa aikin.

Tarihin Alan Turing, masanin lissafi ɗan Birtaniya da ke cikin waɗanda suka aza harsashin kimiyyar kwamfuta, ya ishe mu misali. Alonzo Church ne ya duba aikinsa na digirin digirgir a Jami'ar Princeton, wanda ya kammala a 1938. Amma Max Newman ne, malamin lissafi, a darasinsa na 1935 a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya gabatar da matsalar da ta haifi shahararriyar takardar Turing. Newman ne ya karanta daftarinta a 1936, ya rubuta wa Church wasiƙa domin a karɓi matashin a Amurka, ya jawo shi Jami'ar Manchester a 1948, kuma ya shaidi halinsa lokacin da aka gurfanar da Turing gaban kotu a 1952. Ban da darasin, babu wata takardar jami'a da ta ɗora masa wannan nauyi.

Wasu sun kawo "ubangida". Ban yarda ba, domin 'yan siyasa sun riga sun ɓata kalmar, kuma yaron ubangida jaka yake riƙewa, ba ya musu, alhali ɗalibin bincike wanda bai iya gaya wa babba cewa hujjarsa ta karye ba, bai fara bincike ba tukuna. "Mai ba da shawara" ta yi sanyi. "Jagora" ta fi kusa, sai dai jagora gaba yake shiga a bi shi, wannan kuwa so yake ka iya tafiya kai kaɗai.

Ni "murabbi" na zaɓa, mace "murabbiya". Mutanen ɗariƙa sun san shi da tarbiyya, wato rainon hali, kuma abin da ake nema ke nan: yadda za ka zaɓi matsalar da ta cancanci shekarunka, ka jure idan mujalla ta dawo maka da takarda, ka raba yabo da abokan aiki. Mai cewa kalmar ta addini ce ya tuna cewa malami da ɗalibi da darasi duk ta wannan ƙofa suka shigo.

Saura jam'i: "murabbai" nake gani, amma ina son jin ta bakin malaman Hausa na Bayero da Zariya da Sakkwato.