Sakan ne ko milisakan? Ku kawo abin da kuka gani a lissafin lokaci

Mai_Koyo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ba ni wata manhaja in gyara, duk saƙon da ya shigo sai ta nuna 20 ga Janairun 1970. Da na bi diddigi, sabar tana turo lokaci da sakan, irin na time.time() a Python, shi kuwa Date na JavaScript milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na sakan) yake jira. Adadin 1,700,000,000 in sakan ne, Nuwamban 2023 ke nan. In milisakan ne, ko kwana 20 bai cika ba daga 1 ga Janairun 1970, inda ƙidayar lokaci ta kwamfuta, wadda ake kira ƙidayar Unix, ta fara. Ninkawa da 1000 ta warware matsalar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, adadin ba ya faɗa maka ma'auninsa, kwamfuta kuma ba ta yi ƙorafi ba. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Tsohon_Hannu: Wa'alaikumus salam. Ƙirga lambobin, ƙanena: a zamaninmu adadi mai lambobi 10 sakan ne, mai lambobi 13 milisakan. Ni ba na amincewa da aikin da aka rubuta timeout = 30 (wa'adin jira) kawai. Talatin ɗin me? Sai an sa timeout_ms ko timeout_sec.

Injiniya_Arduino: Nawa a kan Arduino Uno ne, ƙaramin allon kwamfuta da ake sarrafa na'urori da shi. Wani ɗalibina ya rubuta delay(60 * 1000) don na'urar ta jira minti ɗaya. Fitila ta kunna, shi ke nan, shiru. Muka canza waya, muka canza allon, duk a banza. Ashe int, wato ma'ajin cikakken adadi, a Uno bit 16 ne, iyakarsa 32,767, don haka 60,000 ya yi ambaliya ya koma -5,536. Shi kuma delay ba ya karɓar adadin ƙasa da sifili, sai ya karanta shi a matsayin milisakan sama da biliyan 4, wato jiran kusan kwana 50. Da muka rubuta 60000UL, wato muka sa adadin a ma'aji mafi girma, nan take ta tashi. Haka millis(), mai ƙirga milisakan tun daga kunna allon, ma yake komawa sifili bayan kwana 49.7, shi ya sa nake koya musu su riƙa debe lokacin farawa daga na yanzu, kada su tara su kwatanta.

Mai_Rumbu: Ni abin da na gada shi ne tsarin tunatarwa da ke ƙara sakan 86,400 don ya sami "gobe". Masu amfani da shi a Ingila suke. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris agogonsu yana tsallake awa guda, ranar ta zama awa 23, a Oktoba kuma 25. Tunatarwar shan magani ta ƙarfe 8 ta koma ƙarfe 9. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin lafiyar mutane ce.

Tsohon_Hannu: Ajiye komai da UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, 'yar'uwa, sai wajen nunawa ki juya zuwa agogon gida.

Mai_Rumbu: Yallaɓai, ga abin da ya riga ya faru, na yarda. Amma alƙawarin gaba, mutum ƙarfe 8 na agogon bangonsa yake nufi. Sai da na ajiye "08:00" tare da sunan shiyya, Europe/London, sannan ya daidaita.

Ɗan_Python: Ku kula da timedelta ma, mai riƙe tazarar lokaci a Python. Tazarar kwana 1 da awa 2, .seconds zai ba ka 7,200 ne kacal, ya watsar da kwanan. total_seconds() ne ke ba da 93,600. Na ga rahoton da ya nuna an kammala aiki cikin awa 2 saboda wannan.

Mai_Koyo: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Yanzu na duba rumbun bayananmu, a int mai bit 32 ake ajiye lokacin. Ya zan yi da 2038?

Tsohon_Hannu: Zai cika 2,147,483,647 ranar 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 03:14:07 agogon UTC, daga nan ya faɗa Disamban 1901. In kuna lissafa kwangilar shekara 15, kun riga kun shiga ciki. Mayar da shi bit 64, amma ka fara gwadawa a kan kwafin rumbun.